Ɗigon Gam Ɗaya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, Baba ma ya warware, har ya koma yi mana faɗa.

Kin tambayi aikin da aka yi mini alkawari, na koyar da sababbin ma'aikata. Yaya, maganar ta bi ruwa. Kin san shekara biyu muka yi mu huɗu a ɗan shagon nan muna haɗa samfurin fitilar sola da hannu, har hayaƙin dalma ya rage mini gani. A allon lantarkin da ke cikin fitilar akwai wani naɗin waya mai nauyi, ni kuwa kullum sai na ɗiga masa gam a gindi kafin in liƙe ƙafafunsa, don na lura girgiza tana tsinka su. Da za a kai aikin masana'anta, Injiniya, wato shugabanmu a shagon, ya zauna ya rubuta matakan haɗawa. Na ce ya sa gam ɗin. Ya yi dariya, wai abin da babu a zane camfi ne, kuma layin ma'aikata ba zai tsaya jiran ɗigo ba.

Aka buga dubu uku, aka loda a mota. Kafin su isa hannun 'yan kasuwa kusan rabi sun daina kamawa. Sai ga manajan masana'antar da kansa a ƙofarmu, Malama sama, Malama ƙasa, wai in zo in koyar da ma'aikatansu. Wauta ta ɗebe ni, na sa sabon mayafi na bi shi. Suka zaunar da ni gaban kyamara, suka ce in ɗiga gam ɗin a hankali, na yi har sau biyar. Da na tambayi ranar fara aiki, manaja ya ce ƙa'idarsu sai mai takardar shaida, kuma yanzu ai bidiyon ya wadatar.

Abin yana cina, ba zan ɓoye miki ba. Wata maƙwabciyarmu da suka ɗauka ta ce kowace safiya hannuwana ake nuna musu a bango, babu fuska, a ƙasa an rubuta gyaran Injiniya. Da zobena ta gane ni.

Ki gaida Goggo da Kawu da 'yar autarki. Don Allah in kun yi waya da Inna kada ki faɗa mata, har yanzu ta ɗauka wata mai zuwa zan fara.

Taki har kullum,
Ƙanwarki