Kawu, Ban Sayi Gonar Ba

Zuwa ga kawuna Malam Idi, wanda ya koya mini ɗaurin kaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne Habu, ɗan ƙanwarka. Ina nan Jidda lafiya lau, a shagon kargon nan na aika kaya gida, a unguwar Hindawiyya inda ka bar ni. Iƙamata, wato takardar izinin zama, da sauranta, kafili ubangidan aikinmu bai canza ba, kuma har yau ni ke zama kan bencinka mai gajeriyar ƙafa, wanda kowa ke cewa gobe za a gyara.

Na san ko da kana raye sai dai a karanta maka wasiƙa. Na kuma san 'yan uwa za su ga wannan tunda a fili na sa ta. To su gani, gara su ji daga bakina. Kawu, ban sayi gonar ba.

Gonarka ta bakin ƙorama nake nufi. Ranar da za ka koma gida gaba ɗaya ka riƙe hannuna a filin jirgi ka ce, "Habu, ko bayan raina kada ka bari gonar nan ta fita daga gida." Na ce to. Bana magada suka tashi rabon gado, suka ga sai an sayar da ita, suka fara tuntuɓata kamar yadda ya dace. Abin da na tara zai iya sayenta. Sai ga shi a daidai lokacin Zulai, 'yata ta fari, ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a Maraɗi. Abin da ke hannuna ɗaya kawai zai ɗauka, ko gona ko karatu. Wata biyu na yi ina juya maganar, har abinci ya daina yi mini daɗi. Bari in faɗa maka yadda na yanke, don kai ma da hannunka a ciki.

Ka tuna gardamarmu a kan 'yan Nepal da 'yan Zimbabwe?

Aikin namu ne ya jawo ta. Ba a ɗaure kwali sai an buɗe an duba, kada a cusa turare ko batir, don haka cikin kowa muna ganinsa. Kai kuma kafin a ɗora kan sikeli sai ka ɗaga kwalin da hannu ɗaya, ka lumshe ido, ka faɗi nauyinsa, sannan ka ɗora da faɗin arzikin mai shi. Nauyin kam ban taɓa ganin ka yi kuskure ba. A kan arzikin ne muke kai ruwa rana.

Kai 'yan Nepal ne naka. Ka ce albashinsu bai taka kara ya karya ba, amma su takwas suke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Khumra, tukunya ɗaya, shinkafa da miyar adas, ƙananan waken nan nasu, safe da yamma ba gajiya, abin da ya rage kuma ya koma gida ya zama gona da kwanon rufi. Kwalayensu sai mutum biyu ke iya ɗagawa: barguna, talabijin, tukunyar lantarki, fitilar sola. Kullum maganarka ita ce wanda ya sayi ƙasa shi ya zo Jidda, sauran mu yawon buɗe ido muka zo.

Ni kuwa 'yan Zimbabwe suka tafi da hankalina. Ba su da yawa a garin nan, amma duk wanda ya shigo shagonmu ma'aikacin asibiti ne, ko na otal, ko malamin makaranta. A tasi suke zuwa, fes da su, ga Turanci. Na ce maka albashin ɗayansu ya ninka na ɗan dako sau ban san adadi ba. Sai ka yi dariyar nan taka ta cikin hanci ka ce in leƙa kwalin. Sabulu ne, sukari, takalman makaranta, maganin hawan jini. Ka ce duk wanda ke aika sukari gida daga wata ƙasa, gidansu ba ƙalau ba.

Kowanenmu da zakaransa. Naka Dil Bahadur ne, mai lodi a wani sito na Khumra, wanda ka mayar Dilu don harshenka ya huta. Shi ne ya nuna maka hoton gidan da ya gina, mai shuɗin kwano, da gonakinsa a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala. Ka sa ya tura hoton a wayata, kuma duk baƙon da ya zo sai ka ce in nuna masa, kai ka ce gidan naka ne. Tawa kuma Sista Cipo ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin kuɗi da ke wajen unguwar Ruwais. Ita ce mai ƙulla kaya leda-leda a cikin kwali, kowace leda da sunan mai ita. Wata rana ka tsaya ka ƙirga sunayen, ka samu goma sha uku, ka ɗago ka kalle ni. Ranar na ji haushinka sosai.

Shekara da shekaru muka yi a haka, ba ka sauka ba, ban sauka ba. Da maganar gona da karatun Zulai ta taso, sai na ga ashe gardamarmu ce ta biyo ni har gida. Na ce bari in sa ido a kan zakarun nan biyu, in ga wa Allah ya ɗaga.

Dilu ne ya fara zuwa, wata Juma'a bayan la'asar. Kawu, da ka gan shi. Yana tafiya a ɗan karkace, hannu ɗaya a ƙugu. Kwalin da ya kawo ƙarami ne, da yatsa biyu na ɗaga shi. Da na buɗe, takalman aiki ne masu ƙarfe a baki, da safar hannu, da ɗamarar ɗaure baya. Na ɗauki alƙalami zan rubuta Nepal kamar kullum, sai ya riƙe hannuna ya ce Ƙatar. Babban ɗansa ne ya je can, yana ɗaukar bulo a wajen gini.

Na tambaye shi gonaki fa. Da Larabcin nan namu na 'yan aiki, rabi baki rabi hannu, ya ce suna nan, ba inda suka je. Sai dai gwiwoyin matarsa sun daina hawa dutse, mahaifiyarsa ta tsufa, kuma duk wani mai ƙarfi a ƙauyensu yana ƙasar waje. Bara sun shuka masara, birai suka sauko suka girbe musu. Yana faɗa yana dariya, har da kwaikwayon yadda biri ke ɓare masara. Gida kam yana nan daram, ya ce alhamdulillahi, ka san shi ba musulmi ba ne amma zaman Jidda ya sa kalmar ta zauna masa a baki. Baɗi zai koma gaba ɗaya, ya zauna a barandarsa ya sha shayi. Ina cikin ɗaure kwalin dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ni ɗan dako, ɗana ma ɗan dako. Da kuɗin karatunsa na sayi gona ta biyu."

Ba zan ɓoye maka ba, a raina na ce to Kawu, yau na ci ka. Har na fara shirya yadda zan ba ka labari in da kana nan.

Murnata ba ta yi nisa ba. Bayan mako biyu Sista Cipo ta shigo, furfura ta fito mata a goshi, ƙafafunta a kumbure cikin silifa. Kwalin shi ne dai wanda ka sani, sabulu da sukari, sunayen kuma sun ƙaru da biyu, don ƙanwarta ta rasu ta bar yara. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta gama ginin da ta taɓa ba mu labari. Ta ce harsashin yana nan yadda yake, ciyawa ma ta rufe shi. A ɗakin da asibiti ya ba ta take kwana, a tsaye take cin abinci ita kaɗai. Ta ce in ta ga 'yan Nepal masu shara a asibitinsu sun zagaye tire ɗaya suna ci suna hira, har sha'awa suke ba ta. Ka ga a nan kai ka ci ni, kuma na yarda.

Sai na faɗa mata maganar Zulai, na ce in ita ce za ta sa 'yarta a wannan aiki? Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta fara da wahalar, tsayuwar wuni guda, wanke miki, zagin 'yan uwan majinyaci. Sannan ta ba ni labarin mahaifinta. Malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana tari a banki, da kuɗin ƙasarsu ya lalace abin da ya tara ko buhun masara bai saya ba. Ta buɗe jaka ta nuna mini takardar shaidar karatunta a cikin leda, gefenta duk ya sha jiki, ta ce ƙasa uku ta ci abinci da ita. Da tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ce daga nan Jidda take koya wa 'yan gidansu ta waya yadda za su juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda za su ba shi abinci kada ya shaƙe. Ya ƙara shekara shida a duniya. Tana gama faɗa ta ce yalla, in yi sauri in ɗaure mata kaya, tana da aikin yamma.

To ka ji, Kawu. Na zauna kan benci da igiya a hannu, na rasa wa zan ba gaskiya. Har yau in aka tambaye ni wa ya fi wani jin daɗi tsakanin mutanen nan, sai in ce ban sani ba. Dilu dai ya fi ta barci mai daɗi, wannan ko shakka babu. Kuma na ga ashe ni da kai duk nauyin kwali da tsabtar riga muke kallo, ba mu taɓa zaunar da ɗayansu mun tambaye shi ba.

Da na ga zakaru ba su raba gardama ba, sai alkawarinka ya rinjaya. Na yanke in sayi gonar, in roƙi Zulai ta haƙura shekara biyu ko uku. Na kira ta da hantsi ina shago. Don in sassauta maganar kafin in sare mata gwiwa, na fara da tambayarta me ya sa duk cikin karatun duniya sai aikin jinya.

Kawu, ni abin da aka faɗa mini shi ne ka yi gajeriyar rashin lafiya, ka cika a hanyar asibitin Tasawa. Ba wanda ya ƙara mini komai, don kada a tayar mini da hankali a ƙasar mutane. Ban san amai da gudawa ne suka ƙarar da ruwan jikinka ba. Ban san an fara kai ka ɗakin shan magani na ƙauye aka tarar ma'aikacin, shi kaɗai tilo, ya yi tafiya ba. Ban kuma san Zulai ce a kan amalanken shanun ba, kanka a cinyarta tun daga ƙauye har inda rai ya yi halinsa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba da ta ce mini, "Baba, ledar ƙarin ruwan tana nan a cikin kabad, ina kallonta da idona. Duk garin ba wanda ya iya sa wa Kaka allurar."

Na juya baya ga masu jiran layi na yi kuka, ni da gemuna. Maganar haƙuri da na shirya ban faɗe ta ba. Na ce mata ta haɗa kayanta.

A ranar na kira magada na ce su sayar wa wanda ya taya. Maƙwabcin gonar ne ya saya, na gabas, wanda kuka sha rigimar iyaka da shi. Na san wannan zai fi komai ƙona maka rai, shi ya sa na faɗa maka da kaina. Wasu cikin 'yan uwa sun ce na ci amana, wasu sun daina ɗaukar wayata. Ban ga laifinsu ba, gaskiya suka faɗa, na yi alkawari ban cika ba. In akwai laifi nawa ne ni kaɗai, kada ka sa yarinyar a ciki.

Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ina nadama ba. Hankalina a kwance yake, Kawu, rabon da in ji haka an daɗe. Ina cin abincina, ina ɗaure kayan mutane, ina tsokanar masu kawo su. Zulai ta fara karatu. Jiya ta aiko mini da saƙon murya tana ta dariya, wai an fara koya musu neman jijiya a hannu, ta laluba ta abokiyarta sau biyu ba ta samu ba, a na uku ta samu. Sau biyar na saurari saƙon.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka da rahama, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Ya sa wa wanda ya sayi gonar albarka a cikinta, ya mayar da Dilu barandarsa lafiya, ya sauƙaƙa wa Sista Cipo nauyin da ke kanta. Ya kuma sa hannun jikarka ya zama sanadin da wani tsoho a ƙauyenmu ba zai hau amalanke ba. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Habu, daga Hindawiyya, Jidda.