Ƙafar Ibram da Idon Fadilu

Asabar, 7 ga Satumba 2024

A sanar da jama'ar Gure, manya da ƙanana: yau ni Mushe Abdulmumini (Mushe muke kiran malamin makaranta, daga Faransanci), malamin tarihi, wanda rabonsa da gudu tun ranar da ragon layya ya kuɓuce masa, an naɗa ni cikin kwamitin zaɓen ɗan balo, wato ɗan ƙwallon ƙafa. Mu uku ne. Lawali mai horar da yaran, Manzo mai shagon taya da ke saya musu riguna, sai ni, wai don ina da adalci. Ma'ana ban san komai ba, saboda haka ba ni da ɓangare.

Wata ƙungiya a Damagaram za ta gwada matasa ƙarshen wata. Gurbi ɗaya aka ba Gure. Mutum biyu ake ja a kansu, Ibram da Fadilu.

Talata, 10 ga Satumba

A fadarmu ta hira, kan shayi, Lawali ya nuna mana wani wasan Ostareliya a salularsa. Balon kamar guna da aka zauna a kai. Ƙarti na hawa gadon bayan juna su cafe shi a sama, alƙalin wasa na kallo, ko busa. Manzo ya ce wannan ai kokawa ce aka saka wa balo don kada hukuma ta hana. Amma fa akwai kyau. Na ce a maimaita mini.

Lawali ya ce can ma gardamar da suke ke nan: a ɗauki mai jiki a koya masa wasa, ko a ɗauki mai karanta wasa ko da ba ya tashi sama. Shi yana tare da mai jiki. "Ana koya wa doki hanya, Mushe, ba a koya wa hanya gudu." Ban gane ba sosai, amma ya faɗa da ƙarfi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na je fili. Gaskiya Ibram abin kallo ne. Ɗan garka ne, mai noman lambu, daga kwari, dogo, ya tashi yana hawan tudun rairayi da kaya a ka. Rairayin da ke riƙe ƙafar kowa shi kamar siminti ne a wurinsa. Da ya tashi sama ya sa kai, sai da na ji yara sun yi shiru.

Fadilu kuwa gajere, da ɗan tumbi tun bai yi aure ba. Ba ya gudu, yawo yake. Yana waige-waige kamar mai neman wanda ya ara masa keke. Balo na zuwa, taɓawa ɗaya, ya faɗa wurin da babu kowa, sai ka ga ashe nan ne ƙofar. Ya tuna mini da mayaƙan da nake koyarwa, masu cin yaƙi daga zaune.

Na san wa zuciyata ta zaɓa. Mai kai. Ina kuma zargin dalili.

Lahadi, 15 ga Satumba

Matata Habsu ta ce: "Kai dai ka ga mai tumbi irin naka."

Laraba, 18 ga Satumba

Kafin mu zauna Lawali ya ja ni gefe. Malam Burahima, uban Ibram, ya ce in ba a ɗauki yaron bana ba, to balo ya ƙare, garka na jiran hannu. Na ce ba a zaɓe da tausayi. Da muka zauna ma na ƙara da jawabi: jiki kyauta ce da Allah ya watsa har wa barewa, basira ce ta ɗan Adam. Manzo ya tafa.

Aka jefa ƙuri'a: Lawali, Ibram. Manzo, Fadilu. Ni, Fadilu.

Ibram ya zo ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya rungumi Fadilu, ya ajiye rigar ƙungiya a ninke. Ninkin ne ya ɗan dame ni.

Lahadi, 22 ga Satumba

Wasan sada zumunci da Kelle, don Fadilu ya yi bankwana da fili. Babu Ibram.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Fadilu ya yi duk abin da ya saba. Waige, taɓawa ɗaya, balo wurin da babu kowa. Sai dai yau babu kowan ya tabbata. Balo ya faɗi, rairayi ya shanye shi, ɗan Kelle ya zo a hankali ya ɗauka. Haka har aka tashi. Wani tsoho bayana ya yi ihu: "Fadilu, aljanu kake ba wa?" Fili ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Sun ci mu. Manzo ya ce laifin sauran ne, ba su kai basirarsa ba. Na yarda da shi da sauri fiye da kima.

Asabar, 28 ga Satumba

Mun raka Fadilu tasha. Uwarsa ta cusa masa ƙullin dabino. Allah ya ba da sa'a, yaron kirki ne.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ya dawo, ba su ɗauke shi ba. Ya zo gida da la'asar, ya zauna bakin tabarma, ya ƙi shayi. Na fara yi masa wa'azin cewa mutanen birni ba su san hikima ba. Ya bar ni na gama, don ladabi.

Sannan ya ce, kusan haka: "Mushe, ni ma da na ɗauka ni ke gani. A can na ɗaga kai, kowa na tsaye yana jiran in ba shi a ƙafa. Ibram ba ya jira. Kafin balo ya iso gare ni ya riga ya tashi. Waigen nan da kuke yabo, shi nake nema. Inda ya nufa nake sawa."

Na ce to ai kai ka koya masa.

"Ban taɓa ce masa komai ba."

Asabar, 5 ga Oktoba

Na sayi sukari da ganyen shayi, na gangara kwari wurin Malam Burahima. Sauka ba wuya. Na same shi yana gyara kwamin albasa, Ibram can yana jan ruwa. Na yi gaisuwa mai tsawo, na yi zance a kan haƙuri da baiwa. Ya saurara yana aikinsa.

"Mushe, kai ne ka ce yaron ba shi da kai?"

Na ce ba haka na faɗa ba daidai.

"To me ka faɗa daidai?"

Na dubi albasa.

A ƙarshe ya ce Ibram zai zo fili ranar Lahadi kawai, in an gama ban ruwa, kuma ba don ni ba. Hawan tudu wajen komawa, na zauna hutawa har jaki ya wuce ni yana kallona.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ibram ya zo. Ya gaishe ni daidai gwargwado, ba ƙari. Gurbin Damagaram ya tafi, ba wanda ya san ko baɗi za su sake kira.

Yau na ƙi kallon balo, na kalli Ibram kaɗai. Balo na wajen mai tsaron gida, can nesa, shi kuma ya ɗan ja baya, ya saci kallon mai gadinsa, ya jira har mutumin ya juya kai. Sannan ya tashi. Sai bayan haka Fadilu ya waiga.

Na yi kuskure. Habsu ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe. Waɗannan ma sun isa.