Rijiya ta Ashirin da Uku

Daga hanyar Jafar, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Nofa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da mijinki Dakta Rakan.

Ba ɓata na yi ba, kada ki tara mini mutane. Bayan sallar asuba na tayar da a-kori-kurata, na ɗauki bargo da butar gahawa da maganin hawan jinina. Na kuma ɗauki kwamfutar hannun nan da kika ba ni don in riƙa kallon tseren raƙuma, wadda nake kira allo. Shi yake rubuta miki wannan. Ina magana, yana rubutawa. Shekara saba'in da takwas ban riƙe alƙalami ba, yau ga ni da magatakarda wanda ba ya ci, ba ya gulma.

Kin san abin da ya fitar da ni. Mijinki ya zaunar da ni a ɗakinsa, ya buɗe kwamfutarsa mai murfi a kan tebur, ya jera yatsu a kan haruffa ya ce, "To Ammi," baffan nan da yake kirana, "bismillah, rijiya ta farko." Na dubi bango, na dubi fanka. Rijiyoyi ashirin da uku da kakanninmu suka haƙa, waɗanda nake jerawa a taron dangi tun ba a haife shi ba, huɗu kaɗai suka zo bakina. Ya ce, "Ba komai, mu huta." Na ga kallon da kuka yi wa juna. Washegari kuka kai ni wurin likita, yana tambayata yau wace rana ce. Na ce masa ranar da aka raina ni ce.

Kwana goma sha biyu suka rage kwamitin filaye ya zauna a kan shingen da kamfanin nan yake son kafawa a makiyayarmu. In ba wanda ya tsaya ya faɗi rijiyoyinmu da sunayensu da waɗanda suka haƙa su, za a rubuta cewa ƙasar ba ta da mai ita. Cikin waɗanda suka sani, ni kaɗai na rage.

Sunan rijiya ba a ɗaki yake zama ba. A bakin rijiyar yake. Can zan je in ɗebo su ɗaya bayan ɗaya. Ki gaya wa mijinki ya riƙe akwatin nan nasa mai murfi, ya ishe shi.

Allah Ya yi muku albarka.

Ubanki, Miflih

*

Ma'an, ranar Laraba

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaba, na gode wa Allah da na ji daga gare ka. Tun jiya ban iya shiga aji na koyar ba. Na san allon zai karanta maka wannan da muryarsa, don haka ka daure ka saurara har ƙarshe.

Babu wanda ya raina ka. Likita bai ce ka ruɗe ba, cewa ya yi mantuwa ta fara, kuma kada ka riƙa tuƙi kai kaɗai. Yanzu ga ka kai kaɗai a inda ko waya ba ta kamawa sai an hau tudu.

Rakan ya ce in faɗa maka allon ba na irin wannan aikin ba ne. Cikinsa ƙarami ne, ba a zana taswira da shi yadda kwamiti yake so, kuma idan ya faɗi ya fashe, duk abin da ka tara ya tafi. Ya ce ka dawo, ranar Juma'a zai ɗauki kwamfutarsa ku tafi tare a motarsa mai sanyi.

Akwai kuma abin da nake tsoro. Lauyan kamfanin ya riga ya ji an kai ka asibiti. Idan ka tsaya gaban kwamiti ka kasa faɗin suna ko da ɗaya ne, zai ce tsohon ya ruɗe, a watsar da shaidarka gaba ɗaya. Ba zan iya kallon ana yi maka haka a gaban mutane ba.

Ƙwaya ɗaya da safe, Yaba, bayan ka ci wani abu. Gahawa ba abinci ba ce.

'Yarka mai biyayya, Nofa

*

Daga kan tudu kusa da Bayir, ranar Asabar

'Yata Nofa,

Sallama da gaisuwa. Na ji wasiƙarki. Muryar da take karantawa ta wata mace ce mai sanyin baki, ko faɗan naki ya zama kamar lallashi.

Ki ce wa Dakta na san akwatinsa. Bara ya kawo shi sansani lokacin sausayar tumaki. Awa biyu ya yi ya mutu, ya shaƙi yashi yana tari kamar tsohon jaki, sai da aka nemo masa buhun sha'ir aka ɗora shi a kai don ba ya zama a ƙasa. Abin da sai an yi masa tebur da inuwa da wuta, wannan baƙo ne, ba abokin tafiya ba. Allona yana shan wuta daga ramin kunna taba na mota. Ina cusa shi a ƙirji cikin riga in hau dutse da hannu biyu. Kuma ba shi da haruffan da za su zuba mini ido suna tuna mini ban yi makaranta ba.

Ba na ce ba shi da hali ba. Shekaranjiya na bar shi a gaban mota cikin rana, ya yi zafi ya ɗauke numfashi. Na naɗe shi da rawanina na ajiye shi a jikin salkar ruwa har ya farfaɗo. Kuma ba ya jin yatsuna, sun bushe sun tsage da yawa. Da ɗan ƙaramin yatsa nake taɓa shi, shi kaɗai ne bai yi wahala ba a rayuwata.

To ga labari. Ina tsayawa a bakin ta farko, na ɗora hannu a kan dutsen da igiya ta ci, sunan ya fito da kansa: Rijiyar Makauniya, saboda taguwar kakana Dahir da ta gano damshin wurin ba ta gani. Na ɗauki hoton bakin rijiyar, na ɗauki hoton tambarin danginmu da aka sassaƙa a dutse, zane biyu da zobe, sannan na faɗi labarin allo ya riƙe muryata. Haka na yi wa Rijiyar Gishiri da Rijiyar 'Yan'uwa Biyu da sauransu. Goma sha ɗaya yanzu.

Jiya na yini a tantin Umm Hazza, matar marigayi ɗan baffana. Ta gan ni ina magana da allo ta ce, "Miflih, ashe gaskiya ne ka haukace. Da faranti kake hira?"

Na ce, "Ya fi ki saurare."

Ta ce, "Don bai san ka ba ne. Ba ni in gani." Ta juya shi, ta ga fuskarta a ciki, ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar?"

Na ce, "Ƙanwar kakata ce."

Ta jefe ni da ludayi, sannan ta cika mini ciki da gurasa da miyar busasshen nono. Ki daina cewa ba na cin abinci.

Na hau tudun nan ne don abubuwan su tafi wurinku. In sun iso, mijinki ya zuba su a akwatinsa ya yi taswirarsa. Shi ya zauna, ni in yi tafiya. Batun lauya kuwa, ya zo ya tambaye ni a nan.

Ki gaida yara.

Ubanki, Miflih

*

Ma'an, ranar Litinin

Zuwa ga surukina Miflih Abu Sayil, Allah Ya ƙara maka lafiya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ammi, saƙonninka sun iso, hotuna da murya na rijiyoyi goma sha bakwai. Kowane hoto yana ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke shi, don haka taswirar tana haɗa kanta. Na yarda ban yi tunanin wannan hanyar ba, kuma da na zo da kwamfutata ba za mu kai haka ba.

Roƙo biyu gare ni. Idan allon ya ce cikinsa ya cika, kada ka goge komai sai na tabbatar maka ya iso. Na biyu, babban yatsanka yana rufe rabin wasu hotunan.

Ka sani kuma, bisa takardun kamfanin, rijiya ɗaya ce tak ta faɗa tsakiyar inda za su kafa shingen, wato ta can ƙarshen gabas. A kanta za su fi matsa maka da tambaya.

Naka cikin ladabi, Rakan

*

Daga ƙarshen gabas, ranar Alhamis

'Yata Nofa,

Sallama. Ina lafiya, motar ma lafiya, taya ɗaya ce ta yi faci na canza.

Ashirin da biyu sun tafi wurinku. Ki faɗa wa likitanki.

Yanzu ki saurara, kuma kada ki yi kuka, ba na son wannan matar ta karanta mini kuka. Kwana biyu ke nan ina bakin ta ashirin da uku. Ita ce wadda mijinki ya ce. Na san ta kamar tafin hannuna. Baffan ubana Jad'an ne ya haƙa ta da 'ya'yansa a shekarar da fara ta cinye ciyawa. Gaba goma sha huɗu ce zurfinta. A nan igiya ta yanke ni a hannun hagu ina ɗan shekara tara, ubana ya ɗaure da tsumman rawaninsa ya ce in ci gaba da ja. Tambarinmu yana nan a dutsen arewa. Duk na faɗa wa allo.

Sunan ne bai zo ba.

Na ɗora hannu a kan dutsen. Na zagaya ta ta inda muke shigowa da tumaki. Na jefa guga na sha ruwanta. Na jero sauran tun daga ta farko da ƙarfi, ko ta biyo 'yan'uwanta, ina zuwa kanta sai bakina ya tsaya. Na koma wurin Umm Hazza na tambaye ta, ta ce su mata "ta gabas" kawai suke ce mata. Ba ta yi mini tsiya ba wannan karon, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Kada ki ɗauka na sare. Ina da ruwa, ina da gari, ina da kwana uku. Ina nan zaune a kanta.

Ubanki, Miflih

*

Ma'an, ranar Juma'a

Yaba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban yi kuka a cikin wasiƙa ba, kamar yadda ka ce.

Rakan ya yini yana bincike a kwamfutarsa. Ya samo wata tsohuwar taswira ta masu auna ƙasa, tun ta zamanin kakanka, kuma rijiyar tana ciki da sunanta. Ya ce shi ba zai faɗa maka ba, ba hurumin suruki ba ne. Ni zan faɗa.

Ba ƙarya ba ce, Yaba. Sunanta ne, ka san shi shekara saba'in, tuna maka kawai zan yi. Kana ji za ka ce ai shi ne. Ranar Lahadi ka tsaya ka jero ashirin da uku cif, lauyan ya rasa ta cewa. Daga ni sai kai sai Rakan muka sani. Ba don ƙasar kaɗai nake roƙonka ba. Ba na son a ce da ubana ruɗaɗɗe a gaban mazan da suke miƙewa in ya shigo.

Na sa shi a can ƙarshe, bayan sunana, don ka shirya.

'Yarka, Nofa

Rijiyar Mai Kuka da Dare.

*

Daga bakin rijiyar, ranar Asabar

'Yata,

Sallama. Allah Ya saka miki, na san don ni kika yi.

Matar tana cewa "'Yarka, Nofa" na kife allon a kan yashi na zauna a kansa har ta yi shiru. Ban ji ba. Da akwatin mijinki ne da ban san inda zan toshe masa baki ba.

Za su sa ni rantsuwa cewa abin da zan faɗa daga ubana na ji shi. Ashirin da biyu daga gare shi na ji. Ba zan cusa musu ɗaya daga takardar baƙi ba, in ya so lauyan ya yi rawa. Rakan ya kai taswirarsa da sunan da ke cikinta, ya ce ta masu auna ƙasa ce. A ƙarƙashin sunana kuwa ya bar gurbin sunan rijiyar fari, ya rubuta: Miflih ya san wanda ya haƙa ta, ya san zurfinta, sunanta ya manta. Ni da bakina zan faɗa musu haka kafin a tambaye ni, sannan in nuna musu tabon igiyar a hannuna.

Gobe da hantsi zan iso, kai tsaye zauren kwamiti. Ki kawo mini farar rigata can, a goge.

Ubanki, Miflih