Takardar Haihuwar Norman

Layin Masaƙa, Lancashire
14 ga Nuwamba, 1915

Ɗana Norman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da sauran yaran layinmu da ke barikin. Yaya sanyi? Yaya tarin nan naka? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Kada ka yi wa rubutun dariya, hannuna ne. Matar fasto ke koya mini ranar Lahadi in an tashi daga coci. Na gaji da kai wasiƙunka wurin matar mai shago ta karanta mini, kafin yamma duk layi ya ji. Maƙwabciyarmu Mabel, uwar abokinka Silas, ta ce wai da furfurata nake neman zama malama, kaza ma in ta taka tawada ta fi ni iyawa.

Har yau ina ganin ranar kasuwar nan, da yarinyar nan mai jar hula ta soka maka farin gashin tsuntsu a aljihu, ta ce ya kamata matsorata ma a riƙa gane su. Ina tsaye da kwandona ina kallo. Da na buɗe baki na ce shekararka sha shida, tsayi ne kawai Allah ya ba ka, da magana ta ƙare a nan. Na ji tsoron kunyata ka a gaban 'yan mata. Washegari kai da Silas kuka ƙara wa kanku shekaru, kuka shiga soja.

Matar fasto ta ce doka ba ta yarda a tsallaka teku da yaro ba sai ya cika sha tara, kuma in uwa ta aika takardar haihuwa ofishin soja, ana iya dawo da shi. Taka tana cikin gwangwanin shayi. Na dai faɗa maka ne.

Ga safa nan ƙafa biyu, ɗaya ta Silas ce. Allah ya tsare.

Mahaifiyarka,
Hester

9 ga Afrilu, 1916

Ɗana Norman,

Ina gaishe ka, ina gaida Silas. Yaya ruwa da taɓon Faransa? Ƙafar da ka ce ta kumbura ta sace?

Amsarka ta wancan karon na karanta ta har ta yage. Ka ce, “Mama, in kika aika takardar nan kin binne ni da raina, ba zan ƙara taka layinmu ba.” Saboda maganar nan na haƙura wata biyar. Amma makon jiya an dawo da ɗan wata da muke saƙa tare, ba ƙafafu, an ɗauko shi kamar jariri. Tun daga ranar nake tsinka zare a wurin aiki, har shugabanmu ya tambaye ni ko makancewa na fara.

Na aika, Norman. Kwana uku na yi ina rubutawa ina yagewa. Don kada a ce uwar Norman ta janye ɗanta, sai na taka har gidan wayan garin gaba. A bakin layi na ci karo da Mabel, ta ce, “Hester, ina zuwa da takalmin coci ranar Laraba? Ko sabon miji aka samu ba mu ji ba?” Na ce haƙori zan je a cire mini. Har ta ba ni shawarar in kuskure baki da ruwan gishiri.

Ban gaya wa kowa ba, saboda mutuncinka. Ka yi haƙuri.

Mahaifiyarka,
Hester

16 ga Yuli, 1916

Ɗana,

Ina fatan kana lafiya a sansanin da aka dawo da kai nan Ingila, kuma kana cin abinci. Wasiƙa uku ke nan ba amsa. Ofis ne ya sanar da ni an fitar da kai daga ramin yaƙi mako guda kafin babban harin farkon watan nan.

Na san ka ji abin da ya sami bataliyarku. Abin da ba ka gani ba shi ne layinmu. Duk gidan da aka yi rashi sun sauke labulen taga, yadda aka saba. Da safe na ƙirga, gida tara. Ko ƙarar takalmin katako ba ka ji.

Ranar Alhamis Mabel ta shigo da jarida mai ɗauke da sunayen sojojin da aka kashe. Ta ce tunda na zama malama, in duba mata, ba ta son matar mai shago ta riga ta sani. Na bi sunayen da yatsa ina haɗa baƙi, ina roƙon Allah ya sa in yi kuskure. Ban yi ba, sunan Silas yana ciki. Ni na faɗa mata da bakina.

Sannan ta ce naki ɗan fa. Na gaya mata gaskiya, har maganar haƙorin. Ta ce wa ya rubuta mini wasiƙar, na ce ni.

Ta ce, “Doguwa ce?”

Na ce, “Layi shida.”

Ta naɗe jaridarta ta fita, ta ja mini ƙofa a hankali.

Silas wata huɗu kawai ya ba ka. Takardar haihuwarsa tana can bayan bangon nan da nake jingina. Ranar da na rubuta taka, da na so da na rubuta wa Mabel tasa: alƙalamin yana hannuna, tawada ba ta ƙare ba, amma hankalina yana kan abin da mutane za su ce.

Game da kai ban yi nadama ba. Ka yi ta fushi da ni, ko da ba za ka ƙara taka layin nan ba, tunda kana da ran da za ka yi fushin. Amma in wani ya zo ya ce maka ya ga labulen gidanmu a sauke, kada gabanka ya faɗi. Ni na sauke shi, na kasa barinsa a buɗe Mabel tana wucewa.

Ka rufe ƙirjinka da kyau.

Mahaifiyarka,
Hester