Gawon da ka dasa a gonar Fakku

Tambuwal, Nuwamba 1965

Zuwa ga ƙanena Attahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Lauratu da yara. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin ƙafar, har tana zuwa rijiya da kanta. Mun ji an tabbatar maka da aikin koyar da ilimin daji a Ibadan. Allah ya sa albarka, ya sa ɗalibanka su amfana.

Baffa Maccido ya aiko cewa yana son gonarsa ta Fakku. Ita ce wadda Inna ke ci, wadda ka dasa ƙananan gawon da ka rena a gwangwani a cikinta lokacin hutunka na damina. Na hau keke na je na duba da idona kafin in rubuto maka.

Duk damina gero ya rufe dashen, ba wanda ya lura. Da aka yi girbi aka kwantar da kara, sai ga gawo a jere kamar an ja igiya. Baffa ya biyo da shanunsa cin kara, ya gani, ya juya. Kai ka bar gida kana ƙarami, wataƙila ba ka sani ba: gonar aro ce. Mahaifin Baffa ne ya ara wa Baba tun kafin a haife mu, don zaman mutunci ne tsakaninmu da su, ba jini ba. A nan mai aro yana noma, yana zuba taki, yana barin duk itacen da ya fito da kansa, amma ba ya dasawa. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce ke nan, ko bai buɗe baki ba.

Na same shi a Kebbe ranar kasuwa. Bai yi fushi ba, ba'a ya yi ta yi mini. Ya ce shi ya ji ɗan Inna ya haye teku ya karanto itace, ashe karatun cin gona ya yi. Ya ce tun da Allah ya yi shi bai taɓa ganin an yi renon gawo a gwangwani ba, abin da saniya ke shukawa kyauta da kashinta. Na bayyana masa nufinka: kana so ka gwada ko geron gindin gawo ya fi na fili, don ka koyar da abin da aka auna, ba abin da aka ji ba. Ya ce wannan ko jikarsa ta sani. Na ce sani daban, auna daban, kuma littattafan da ka karanta na dajin Turai ne, ba gero a cikinsu. Sai ya tambaye ni ko da gaske akwai ƙasar da ba gawo.

Ni kaina abin ya tsaya mini a rai. A gonar akwai tsohon gawo da ya fito da kansa, muna cin amfaninsa shekara da shekaru, ba wanda ya tanka. Naka bai kai gwiwa ba, ya tayar da magana. Ashe ba itacen ake kallo ba, hannun da ya sa shi. Ko kuna koyar da wannan? Ina ganin ɗalibin da zai ce wa manomi ya dasa itace, gara ya fara tambayar gonar ta wa ce.

Inna ba ta ga laifinka ba. Ta ce dai da ka tambaye ta, da ta hana. Amma ka san ba ta da wata gona, kuma rumbunta daga nan yake cika.

Ga inda aka tsaya. Na ce a tumɓuke dashen, Baffa ya ƙi, ya ce shanunsa za su so 'ya'yan gawon nan gaba. Shawararsa ita ce ya cire kowane ɗaya ya mayar da shi ramin da hannunsa, gaban mai gari da liman, ya zama shi ya dasa. In an yi haka itacen ya zama nasa, aro na nan yadda yake, kai kuma ka zo ka yi awonka. To ka gaya mini da gaggawa: gawo na jure cirewa? Na tona gefen ɗaya, na ga saiwar ta yi ƙasa sosai. In zai mutu, ko ya isa Baffa ya ɗaga ƙasar gindin ya mayar? Ko a jira damina?

Inna na gaishe ka, haka ma Hadijatu da Na'iya. Ka gaida Lauratu da yara. Sai dai ka sani gonar ba ta Baffa ba ce shi kaɗai. Yayansa Namadi na Jabo yana da baki a ciki. An aika masa, har yanzu bai ba da amsa ba.

Yayanka,
Lauwali