Inna Laure Ta Ƙi Kuɗin Reno

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigida da yara? Mu nan Kabo lafiya lau.

Maganar in ajiye koyarwa saboda yara, ki bar ta. Gaskiya ne kuɗin da makarantarsu ke karɓa don riƙe su da sassafe da bayan tashi ya kusa cinye albashina. Sai maƙwabciyarmu Inna Laure ta ce in riƙa kai mata su. Ƙarshen wata na miƙa mata kuɗi, ta ɓata rai: "A kan jikokina za ki biya ni?" Yanzu goro nake kai mata, ranar Asabar in yi mata kitso.

Ki gaida kowa. In za ki yi mana addu'a, ki fara da Inna.

Ƙanwarki,
Hadiza