Agogon Da Zan Hau Keke Da Shi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara.

Gyara zama kafin ka karanta: yayarka ta hau keke! Asibitin da nake wa shara ya ƙara mini matsayi. Yanzu ni ke kai allurar rigakafi ƙauyuka uku, a akwatin ƙanƙara. Likita ta ce kada in wuce awa ɗaya a hanya, don kar maganin ya lalace. Jiya na zaro waya in duba lokaci, sai ga ni a kwalbati. Magani bai fashe ba, gwiwata ce ta ji jiki.

Shekara ashirin kana gyaran agogo ban more ka ba. Wane iri zan saya? Na ga wani mai ruwan zinare, ya shiga raina.

Taka,
Yaya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, sannu da gwiwa.

Ki fita harkar mai zinaren nan, gumi zai cinye shi cikin wata guda. Nemi mai madaurin roba, mai farar fuska da baƙaƙen hannaye, wanda ruwa ba ya shiga. Mai batir, domin girgizar keke tana rikita wanda ake wanawa da hannu. Ki juya fuskarsa cikin hannu, yadda za ki gani ba tare da kin saki kan keken ba. Kada ma ki saya, akwai irinsa a shago.

Naki mai biyayya,
Auta

Auta,

Ina gaishe ka. Shawararka ta yi, amma rubutun nan na matarka ne. Ni na koya maka riƙe fensir, na san tafiyar tsutsarka ko a mafarki. Kuma tun yaushe kake ce mini "mai biyayya"? Me ya sami hannunka? Kar ka yi mini kwana-kwana.

Yaya

Yaya,

Ina wuni. Wannan ni na rubuta, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Wata bakwai ke nan hannun damana yana rawa. Ranar da ƙaramin noti ya kuɓuce mini sau huɗu a gaban mai kaya, na ba shi agogonsa na rufe shago. Kullum da safe nakan je in share tebur, in goge gilashin ido, in zauna. Ban je asibiti ba. Tsoron abin da za a faɗa mini nake yi.

Ki gafarce ni.
Auta

Autan Inna,

Gaisuwa, da faɗa kaɗan. Ni da na haura hamsin na koyi keke yara suna yi mini dariya, kai za ka zauna kana goge tebur? Na nuna wa likitarmu wasiƙarka. Ta ce rawar hannu iri-iri ce, da yawa magani yana kwantar da su, amma sai ta gan ka. Na sa sunanka ranar Talata, na gyara maka ɗaki. In ba ka zo ba, da keken nan zan zo in ɗauko ka.

Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Motar safe zan shigo ranar Litinin, ki tarye ni a tasha. Agogonki yana aljihuna. Ni na sa masa madauri da hannuna. Tun hantsi nake fama har azahar, amma ya zauna daram.

Auta